Ruwa mai bitamin: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Kwalba ce mai kyan gani, ruwan cikinta ja ko rawaya ko ruwan hoda, an jera sunayen bitamin a jikinta kamar takardar likita. Wanda ya saya yakan ji a ransa cewa yau kam ya yi wa jikinsa gata, tunda bai sha lemon kwalba ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan abin sha, da amsoshinsu.

Me ke cikin kwalbar nan takamaimai?

Ko wane kamfani ne ya yi, kayan haɗin ba su cika bambanta ba: tataccen ruwa, sukari ko wani abin zaƙi, sinadarin tsami da ake kira sitirik asid, ƙamshin 'ya'yan itace, launi, sai bitamin. A ƙasashe da yawa doka ta ce a jera kayan haɗi bisa nauyinsu, mafi yawa a farko. To ka juya bayan kwalbar ka duba. Ruwa ne zai zo farko, sukari ya bi masa, bitamin kuma sai can ƙasa. Dalili kuwa shi ne da giram ake auna sukarin, bitamin kuma da miligiram, wasu ma da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram.

Hoton lemu ko inabi da ke jikin kwalba kada ya ruɗe ka. Sau da yawa ƙamshinsu kawai aka sa, ba ruwansu ba.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga Amurka ya yi suna. Wani ɗan kasuwa mai suna J. Darius Bikoff ya kafa kamfaninsa a New York a 1996, a shekarar 2000 kuma ya fito da abin shan da ya raɗa wa suna Vitaminwater ƙarƙashin tambarin Glacéau. Kasuwa ta karɓe shi har ta kai kamfanin Coca-Cola ya saye Glacéau a 2007 a kan dala biliyan 4.1. Daga nan sauran kamfanoni suka shigo, kowa da nasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankali. A 2009 ƙungiyar CSPI ta Washington, mai fafutukar kare masu sayen abinci, ta kai kamfanin Coca-Cola ƙara kotu tana cewa rubutun jikin kwalbar yana yaudarar jama'a su ɗauka abin shan lafiya ne. Cikin hujjojin da lauyoyin kamfanin suka kare kansu da su har da cewa babu mai sayen da ke da hankali da zai ɗauka wannan abin sha na gina lafiya ne. Bayan an shafe sama da shekara shida aka sasanta, kamfanin ya yarda zai rubuta a fili a jikin kwalba cewa akwai kayan zaƙi a ciki, ya kuma daina wasu iƙirarin lafiya. A Birtaniya ma, hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta haramta wani talla a 2011 da ya kira abin shan mai gina jiki, saboda kwalbar rabin lita tana ɗauke da giram 23 na sukari. Idan mai kaya da kansa bai yarda ya rantse cewa kayansa na lafiya ne ba, ai mai saye ba shi ne zai rantse masa ba.

Sukarin nawa ne, kuma yawan nasa ya isa a damu?

A nan gizo ke saƙa. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4 na sukari. Giram 23 ɗin da aka ambata a sama ke nan ya kusa cokali shida. Kwalbar Amurka mai mililita 591, a lokacin da aka shigar da waccan ƙara, tana ɗauke da sama da giram 30, wato cokali takwas. Babu wanda zai tsaya ya zuba cokali takwas na sukari a kofin ruwa yana kallo ya shanye ya ce ya sha magani.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, in da hali ma a sauko da shi ƙasa da kashi 5. Ga baligin da ke cin kalori 2,000, kashi 10 ɗin giram 50 ne, kashi 5 kuma giram 25. Ka ga kwalba ɗaya ta kusa cinye kason yini guda, tun kafin a sa sukari a shayi ko a ci wani abu mai zaƙi.

Wani lissafi kuma: kwalba ɗaya mai giram 23 kullum har shekara ta zagayo, sama da kilo 8 na sukari ke nan.

Sukarin da aka sha cikin ruwa yana da wata matsala tasa ta daban. Ba ya ƙosarwa. Wanda ya ci lemu biyu zai ji cikinsa ya ɗan yi nauyi, saboda zare-zaren da ke cikin lemun suna riƙe ciki, suna kuma rage gudun shigar sukari cikin jini. Wanda ya kwankwaɗi kwalba kuwa zai zauna ya ci abincinsa yadda ya saba, kalorin kwalbar ya zama ƙari a kai. Shi ya sa bincike mai yawa ya danganta yawan shan abubuwa masu sukari da ƙiba, da ciwon suga nau'i na biyu, da ruɓewar haƙori. Jiki ba ruwansa da sunan da aka rubuta a kwalba.

Amma ai ya fi lemon kwalba, ko?

Ta fuskar yawan sukari, eh. Lemon kwalba irin su Coca-Cola yana da giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, ruwa mai bitamin kuma yawanci rabin haka ne. Wanda ya saba shan lemo uku a rana ya koma wannan, ya rage sukari, ba a musu.

Sai dai a lura da wa ke sayensa. Mai shan lemo ya san abin da yake sha, yakan ɗan ja birki. Mai shan ruwan bitamin kuwa sau da yawa ruwan sha ya bari ya koma masa, yana ganin ci gaba ya samu, kuma ba ya ƙirga kwalabe. Wannan shi ne ci gaban mai haƙar rijiya.

Su bitamin ɗin fa, na gaske ne? Jiki yana amfana da su?

Na gaske ne. Bitamin C da aka haɗa a masana'anta daidai yake da wanda ke cikin lemu, jiki ba ya bambance su. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: kana da buƙatarsu?

Bitamin kashi biyu ne. Akwai masu narkewa a ruwa, wato C da dangin B. Akwai masu narkewa a mai, wato A, D, E da K. Tunda abin shan ruwa ne, na kashin farko ne suka fi yawa a ciki, musamman C, B3, B5, B6 da B12. Waɗannan kuwa mai cin abinci gauraye, da ganye da 'ya'yan itace da hatsi da wake da ƙwai ko nama ko kifi, yana samunsu daidai gwargwado. Namiji baligi yana buƙatar kimanin miligiram 90 na bitamin C a rana, mace 75, a ma'aunin Amurka. Matsakaicin lemu ɗaya yana ba da kusan 70.

Idan jiki ya ɗauki abin da yake so daga mafi yawan waɗannan, ragowar ƙoda ce ke tace shi ta fitar ta fitsari. Bitamin C ma tun daga hanji ake fara juya masa baya: idan kaɗan aka sha hanji kan tsotse kashi 70 zuwa 90, idan aka haura giram ɗaya a rana sai ya faɗo ƙasa da rabi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ganin an rubuta kashi 100 ko 150 cikin 100 na buƙatar yini ba ya nufin lafiyarka za ta ƙaru da wannan adadin.

Abin takaicin shi ne, ƙarancin da ya fi damun mutane a duniya ba wannan kwalba ce ke maganinsa ba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, wato ayon, shi ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma rashin ayon na cikin manyan dalilansa. Ga ƙarancin aidin, ga na bitamin D, ga na bitamin A a tsakanin ƙananan yara. Ba kasafai za ka ga ayon a irin wannan ruwa ba, don yana ɓata ɗanɗano da launi. An zaɓi bitamin da ke narkewa cikin sauƙi, mai araha, marar ɓata ɗanɗano, ba wanda mai sha ya rasa ba.

Na sha sai fitsarina ya koma rawaya shar. Akwai matsala?

Yawanci babu. Bitamin B2 ne ke yin haka idan yana cikin abin da ka sha, launinsa ke nan, kuma rarar da jiki bai buƙata ba ce take fita. Cikin sa'o'i zai koma yadda yake.

Ance yana ƙara kuzari. Ni ma ina jin hakan idan na sha.

Ba ƙarya kake yi ba, amma ba bitamin ne ya ba ka ba. Dangin B suna taimaka wa jiki ya juya abinci zuwa ƙarfi, su kansu ba su da kalori ko ɗaya. Wanda ba shi da ƙarancinsu, ƙara masa su kamar ƙara wa mota makullai ne alhali ɗaya ya isa ya tashe ta. Abin da ka ji ya fito ne daga ɗayan uku: sukari ya shiga jini, ko ƙishirwa kake ji ruwan ya kashe ta, ko kuma akwai kafeyin a ciki. Wasu nau'o'in da aka yi wa laƙabi da masu ba da kuzari suna ɗauke da kafeyin ko garin 'ya'yan wani tsiro mai suna gwarana, wanda shi ma yake ɗauke da kafeyin. Mai fama da rashin barci ko bugun zuciya ya duba wannan kafin ya sha da yamma.

Gajiyar da ta ƙi tafiya tsawon makonni kuwa, gwajin jini take so. Tana iya zama ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko matsalar maƙoƙo.

Yana kare mutum daga mura?

Tun wajen 1970 masanin kimiyyar nan Linus Pauling ya yaɗa ra'ayin cewa yawan bitamin C yana maganin mura, kuma har yau maganar ba ta mutu ba. An gwada ta sau da yawa. Nazarin Cochrane na 2013, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban mutane, ya gano cewa shan bitamin C kullum ba ya rage yawan kamuwa da mura ga yawancin jama'a. Abin da yake yi shi ne ya ɗan gajarta kwanakinta, da kimanin kashi 8 cikin 100 ga manya, kashi 14 ga yara. Fara shansa bayan mura ta riga ta kama kuwa bai nuna wani tasiri tabbatacce ba. Wato ribar sa'o'i ce, ba kwanaki ba, kuma ba sai da cokali shida na sukari ake samunta ba.

Bitamin zai iya yin yawa har ya cutar?

Daga kwalba ɗaya, da wuya. Haɗarin yana ga mai tarawa: ya sha ƙwayar bitamin da safe, ya sha wannan ruwa biyu da rana, ya ƙara da lemon ƙara kuzari, kowanne da nasa B6 da B3.

B6 ne ya fi cancantar a sa masa ido. Idan ya yi yawa na tsawon lokaci yana taɓa jijiyoyi, mutum ya riƙa jin tafin hannu da na ƙafa suna sagewa ko suna tsikara kamar ana soka allura. Amurka ta sa iyakarsa a miligiram 100 a rana, amma a 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sauko da tata iyakar zuwa miligiram 12. Yawan B3 yana sa fata ta yi ja da zafi. Bitamin C idan ya haura miligiram 2,000 a rana yana kawo gudawa da murɗar ciki, kuma masu tarihin tsakuwar ƙoda ana gargaɗinsu da yawan shansa. Bitamin A kuwa ba ya fita ta fitsari, hanta ce ke tara shi.

To wanda aka rubuta babu sukari fa?

Ya fi mai sukari, musamman ga mai lura da nauyinsa ko sukarin jininsa. Ana zaƙaƙa shi da abubuwa irin su sitibiya, sukuralos, asfatem ko iritiritol, waɗanda hukumomi suka amince da su a iya adadin da aka ƙayyade. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa asfatem a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna da alaƙa da sankara, bisa hujja mai rauni, amma kwamitin da ke ƙayyade adadin sha bai canza iyakar da ya sa ba, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Sai an sha gwangwanaye masu yawa kullum kafin a kai nan.

A watan Mayun shekarar dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan kayan zaƙi don rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu na dogon lokaci a wannan fanni ba. Ni abin da na fi dubawa ma shi ne harshe. Wanda ya saba komai sai da zaƙi, ruwa zalla zai riƙa yi masa salam a baki, ya ga shansa aiki ne.

Me ya haɗa shi da haƙori, tunda babu gas a ciki?

Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan tsami-tsamin nan mai daɗi asid ne, kuma yana nan ko da sukari ko babu. Farin rufin haƙori yana fara zaizayewa idan ma'aunin tsami a baki, wanda saukarsa ke nufin tsamin ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 5.5, irin waɗannan abubuwan sha kuwa da yawansu suna tsakanin 3 da 4. Rufin nan idan ya tafi ba ya dawowa.

Yadda ake sha ya fi yawan abin da aka sha tasiri. Mai shanye kwalba tare da abinci cikin minti goma, yawu zai wanke bakinsa ya gyara. Mai ajiye ta a gefe yana kurɓa tun safe har la'asar, haƙoransa sun wuni a jiƙe cikin asid. Bayan an sha a kurkure baki da ruwa, kuma kada a goge haƙori nan take, a bari kamar rabin sa'a.

Zan iya ba mai gudawa, ko in sha bayan motsa jiki?

Mai gudawa da amai, a'a. Abin da jikinsa ke zubarwa ruwa ne da gishiri, maganinsa kuma ruwan gishiri da sukari na ORS, wanda aka auna sodiyam da gulukos ɗinsa daidai yadda hanji zai ja ruwa. Ruwa mai bitamin sodiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai ko babu sam, sukarinsa kuma ya yi yawa, kuma yawan sukari yana iya ƙara gudawar. Ga ƙaramin yaro wannan kuskure ne mai haɗari. Kalmar gishirin jiki da ake rubutawa a wasu kwalabe ba ta mai da su ORS ba.

Motsa jikin da bai wuce sa'a ɗaya ba kuwa, ruwa ya wadatar.

Yara da masu juna biyu da masu ciwon suga fa?

Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kawai ake so ya sha. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ana ba da shawarar kada a ba shi abin da aka ƙara wa sukari. Waɗanda suka girmi haka ma, adadin bitamin da ke kwalbar an auna shi ne da jikin manya.

Mai ciki tana buƙatar folik asid maikirogiram 400 a rana, tun kafin ɗaukar ciki in so samu ne, da kuma ayon. Asibiti ke ba da waɗannan a ƙwayar da aka auna, kwalba ba ta maye gurbinta. Ta kuma lura da kafeyin, wanda ake so kada ya wuce miligiram 200 a rana, da bitamin A nau'in retinol, wanda yawansa ke cutar da ɗan tayi.

Mai ciwon suga ya ɗauki mai sukarin a matsayin lemon kwalba. Idan ya daɗe yana shan maganin suga mai suna metfomin, B12 ɗinsa na iya raguwa, amma likita ne zai auna ya rubuta masa abin da ya dace.

A taƙaice dai, ya ci kuɗinsa?

Ya danganta da abin da ka je saye. Idan bitamin ka je nema, ka yi tsada. Ɗauki kuɗin kwalba ɗaya ka ninka sau 30, sai ka kwatanta da kuɗin ƙwayar bitamin ta wata guda, wadda ke ɗauke da sinadarai sun fi na kwalbar yawa, ba tare da sukari ba. Ko ka kwatanta da 'ya'yan itacen da kuɗin zai saya. Bitamin ɗin da ke cikin ruwan na daga cikin mafi arahar abubuwan da aka kashe wa kuɗi. Roba, sufuri, sanyaya, talla da riba su ne suka cinye abin da ka biya.

Ita ma ƙwayar ba wai dole ba ce ga mai lafiya. A 2022 kwamitin ƙwararrun rigakafi na Amurka ya ce babu isasshiyar hujja cewa shan haɗaɗɗen bitamin yana kare mutum daga ciwon zuciya ko sankara.

Idan kuwa daɗin baki ka je saye, abu mai sanyi mai ƙamshi wanda bai kai lemo zaƙi ba, to wannan tsakaninka da aljihunka ne. Jefi-jefi ba ya kashe kowa. Ka dai sa shi a layin kayan marmari, kada ka sa shi a layin ruwan sha ko na magani.

Ni ruwa zalla ba ya shiga mini. Ya zan yi?

Yanka lemu ko kokwamba ko kankana ka jefa a jug ɗin ruwa, ka ƙara ganyen na'a-na'a in kana so, ka sa a firij na sa'a biyu ko uku. Za ka sami ƙamshi da ɗanɗano ba tare da cokulan sukari ba. Kada ka sa rai da wani bitamin mai yawa a ciki, don yawancinsa yana nan cikin yankan, sai ka cinye su. A shanye cikin yini guda, kada ya kwana a waje.

Wanda ya riga ya saba da na kwalba, ya fara sirka shi da ruwa rabi da rabi. Cikin 'yan makonni harshe yakan sauko.

Kwalbar da ta daɗe a rana ko a cikin mota, bitamin ɗinta yana nan?

Ba duka ba. Bitamin C yana lalacewa da zafi da iska da haske, B2 kuma haske ne babban maƙiyinsa, ga shi yawancin kwalaben robar nan garau suke, ana hango cikinsu. Masu yi sukan zuba fiye da abin da suka rubuta don ya kai ranar ƙarewar wa'adi, amma lissafinsu na kayan da aka adana a inuwa ne. Kwalbar da ta yi makonni a tagar shago rana tana dukanta ta rasa wani kaso na bitamin ɗinta. Sukarin kuwa yana nan cif, giram ɗaya bai ragu ba.